Ko Yaya Ya Ji Saƙon Inna

Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya a gabanmu ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a gidanmu na Ƙofar Wambai kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. In tana son ya ci abinci sai ta ce da ni, "Ki kai wa wancan." In ya shigo gaishe ta, ta amsa tana kallon tukunya, ko tana tsintar wake, duk dai abin da hannunta ya samu. Mu da muka biyo bayansa mun sha runguma mun sha duka. Shi bai samu ko ɗaya ba, sai dai kullum tsokar da ta fi girma a miya kwanonsa take faɗawa.

Ni ce auta, shekara goma sha ɗaya tsakanina da shi. Zuciyar Inna na gado kaf, ban rage wa kowa ba. In na yi fushi sai na ga ƙarshensa, kuma a lokacin ina ɗaukar hakan abin alfahari. Yaya kuwa sanyin mahaifinmu ya ɗauko. Yana aikin kula da kwamfutoci a wata makaranta a Yelwa, ya kama ɗaki a can kusa da wurin aikin. Shi ya koya mini kwamfuta, shi kuma ya nema mini aiki a wani shagon buga takardu inda ɗalibai ke kawo rubuce-rubucensu.

Laftof ɗinsa ba irin ta mutane ba ce. Kowa yana danna hotuna, shi sai ya buɗe wani baƙin allo ya yi ta rubuta umarni, ko karatu zai saurara daga nan yake kunnawa. Nakan tsokane shi in ce ko makarantar allo ya koma. Wata rana wani ɗalibi ya zo shago yana ɗaga mini murya, wai ban taɓa aikinsa ba tun da ya kawo, ni kuwa na san jiya na gyara shi. Ina shirin wanke shi tas Yaya ya shigo. Ya karɓi aikin ya sa a laftof ɗinsa, ya rubuta kalma ɗaya mai harafi huɗu, stat, ya bi ta da sunan fayil ɗin. Bayanai suka fito, girmansa da mai shi da wanda aka yarje wa ya buɗe. Can ƙasa akwai layi uku, kowanne da rana da lokaci. Ya ɗora yatsa ya ce, "Na farko, Access, lokacin ƙarshe da aka buɗe aka karanta. Na biyu, Modify, lokacin ƙarshe da aka canza abin da ke ciki. Na uku, Change, lokacin ƙarshe da aka taɓa bayanin fayil ɗin kansa, kamar an ajiye shi a sabon wuri ko an sauya masa suna." Layi na biyu ya nuna jiya da yamma. Ɗalibin ya sosa ƙeya ya fita. Yaya ya ce da ni, "Kin ga ba sai an yi ihu ba." Na ce ai ihun ya fi daɗi.

Mahaifinmu malami ne, ya rasu tun ina firamare. Ya bar wata adaka cike da rubutun hannunsa, takardu sako-sako a cikin gafaka, wasu na Larabci wasu na ajami. Adakar tana ƙarƙashin gadon Inna. Ba ta iya karanta yawancinsu, amma duk shekara kafin damina takan fito da su ta kakkaɓe, ta sa ganyen da ke korar gara, ta mayar. Sau uku Yaya yana aiko ni in roƙa masa ta ba shi aro ya ɗauki hotunansu ya adana a kwamfuta. Sau uku tana cewa, "Ki ce wa wancan a bar su inda mai su ya bar su."

Da ta tafi Zungur wajen suna ta yi kwana biyar, sai ya zo ya kwashe su, da niyyar ya mayar kafin ta dawo. A kwana na uku aka yi ruwa da iska da rana tsaka yana wurin aiki, iskar ta yaye kwanon ɗakinsa. Tawadar gargajiya ba ta ga maciji da ruwa. Ko rabi bai kai ga ɗaukar hotonsu ba. Abin da ya dawo da shi gida dunƙule ne baƙi, takardu sun manne da juna, ana matsawa ruwa na ɗiga.

Ranar ce kaɗai a rayuwata na ga Inna ta kalli Yaya ido cikin ido. Yana durƙushe a tsakar gida da adakar a gabansa. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ban yafe ba. Kada ƙafarka ta sake wuce zauren gidan nan." Ba ta ɗaga murya ba. Ta shiga ɗaki ta saki labule.

Duk wanda ya tashi a inda muka tashi ya san nauyin wannan magana daga bakin uwa. Kawunnai suka zo suka yi wa'azi, ƙawayenta suka zo suka yi kuka, ta saurare su duka ta ba su goro suka tafi. Yaya kuwa duk Juma'a in an sauko masallaci sai ya zo ya zauna a zaure. Ya ba ni gaisuwa in kai ciki, in dawo in ce masa ba ta ce komai ba. Ya yi zaman kamar rabin awa ya tashi. A ranakun da ba aiki kuma ya hau babur ɗinsa ya shiga ƙauyuka yana neman tsofaffin ɗaliban mahaifinmu, ko wani ya taɓa kwafar wani abu ya ajiye. Haka aka yi shekara guda har da ɗoriya.

Zan faɗi gaskiya a kaina tunda ba wanda zai faɗa mini ita yanzu. Ina jin daɗin zama ’yar aike. Ni ma ina fushi da shi, don a cikin takardun da suka narke har da addu'ar da mahaifinmu ya rubuta ranar sunana. Amma ba wannan ne kaɗai ba. Mutumin da ya fi ni sanin komai, ga shi yana jiran abin da zai fito daga bakina. Nakan ja ƙafa da gangan tsakanin ɗakin Inna da zaure.

Da damina ta zagayo Inna ta yi zazzaɓi mai zafi, har muka fara fitar da rai. Allah ya tashi kafaɗunta. Wata Alhamis da hantsi tana zaune a bakin gado, ta rame, ta ce, "Wannan wayar taki tana ɗaukar magana?" Na ce tana ɗauka. Ta ce in kunna. Ta juya fuskarta bango, ta yi magana kamar da ni take yi.

"Ki gaya wa wancan takarda ce, ruwa ya ci. Wanda ya rubuta ta ma ƙasa ta ci shi. Na yafe masa duniya da lahira. Ya shigo ya ci abinci."

Ana jin numfashinta da kukan kaza a tsakar gida, sannan ta yi mini alama in kashe. Na ce ai da baki ma zan iya faɗa masa. Ta ce, "In ke kika faɗa zai ce lallashi ne. Ya ji da muryata." A lokacin ba a fara tura murya ta waya kamar yadda ake yi yanzu ba, sai dai a cire memori a kai wa mutum.

A makon ne kuma Yaya ya yi mini faɗa a shago a gaban mutane, saboda na gaya wa wata malama magana. Ya ce wata rana bakina zai jawo mini abin da ba zan iya gyarawa ba. Ina ta tafasa tun daga ranar. Sai na ce a raina, wanda ya yi haƙurin shekara ai zai yi na mako. Washegari Juma'a ya zo ya zauna a zaure, memorin yana cikin wayata, wayar tana hannuna. Na karɓi gaisuwarsa na kai ciki. Inna ta dafa shinkafa da miyar kaza, abin da ba ta yi ba tun da ta kwanta. Ta ɗago ido ta dube ni. Na ce, "Na kai masa, ya ce zai saurara in ya samu sukuni." Ba ta sake tambaya ba, don kunya ba za ta bar ta ta tambayi ɗan fari sau biyu ba, kuma na san da haka. Ya gama zamansa ya tafi. Kwanon da ta zuba masa yana nan a rufe har magariba, sannan ta ce a ba yaran maƙwabta.

Juma'ar da ta biyo baya bai zo ba, ya tafi wani ƙauye. Ranar Asabar, kwana tara da yin maganar, na huce rabi-rabi na hau keke na tafi Yelwa. Na same shi yana jera hotunan wasu takardu da ya samo. Na cire memorin na ajiye a kan tebur na ce, "Saƙo ne daga gida."

"Na mene ne?"

"In ka saurara ka ji."

Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce har yanzu auta ba ta huce ba ke nan. Ya sa memorin a laftof, na nuna masa fayil ɗin, sunansa lambobi ne kawai irin waɗanda waya ke bayarwa. Ya kwafa ya miƙo mini memorin. Ya ce, "Bari in gama wannan, zan saurara in na natsu." Ina jin ya ɗauka wa'azin wani kawu ne, don sun sha aiko masa da irinsa. Kalma uku suka rage in faɗa, muryar Inna ce. Na riƙe su don ina so ya yi mamaki, kuma don ina so in nuna har yanzu da sauran fushina. Na ce sai an jima na fito.

Ranar Litinin ya ɗauki hutu ya je neman takardu, yana dawowa daga wajen Zungur ana yayyafi, wata babbar mota ta kwashe shi da babur ɗin. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Bayan la'asar aka kai shi. Gawarsa ce ta wuce zaure ta shigo tsakar gida. Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba, wasu mata har suna yaba mata dauriya. Ni da nake kwana a ɗakinta a kwanakin makokin na san ba dauriya ba ce.

Bayan sadakar uku abokin aikin Yaya ya kawo kayansa. Kirista ne daga kudancin jihar, dogo, mai yawan shiru. Tare suka yi shekaru a ofis ɗaya, kuma ranar jana'iza ya bi mutane har maƙabarta ya tsaya daga gefe. A cikin kayan har da laftof ɗin. Yaya ya bar ta a kunne ya rufe murfin ya tafi, batirin ya ƙare ta mutu da kanta.

Ranar Juma'a da rana aka kawo wuta. Na zame daga cikin mata masu zaman makoki na shiga ɗakina na sa ta a caji. Na san kalmar sirrinsa. Na ce wa kaina ina so ne in tabbatar saƙon ya kwafu daidai, ba rabi ba. Na samo fayil ɗin, na sa abin kunne, na danna. Muryar Inna ta fito, da numfashinta da kukan kazar. Na saurara sau uku ina kuka har majina. Ban yi tunanin komai ba sai tausayin kaina.

Bayan sadakar bakwai mutane suka ragu. Da safe na durƙusa na gaishe da Inna, ba ta amsa ba, sai ta ce, "Ya ji?"

Ta ci gaba, idonta a kan carbi. "In ya ji, me ya hana shi shigowa? Ko shi ne bai yafe mini ba? In kuma bai ji ba, to ya tafi da maganata a wuyansa." Malamai sun riga sun gaya mata yafiya ta isa wajen Allah tun ranar da ta furta ta. Ta yarda da wannan. Abin da ke cinta daban ne, tana so ta san da me ɗanta ya rufe ido.

Sai na ji bakina yana cewa, "Inna, akwai yadda ake dubawa. Kwamfuta tana rubuta lokacin da aka buɗe abu." Har da ’yar taƙama na faɗa, irin ta mai ilimin da wasu ba su da shi. Ina taka ƙofar ɗakina na tuna abin da na yi ranar Juma'a.

Na buɗe baƙin allon, na rubuta stat da sunan fayil ɗin. Layi na biyu ya nuna Alhamis da hantsi, lokacin da Inna ta yi magana. Layi na uku ya nuna Asabar da azahar, lokacin da Yaya ya kwafa ina tsaye a kansa. Layi na farko, wanda shi kaɗai nake nema, ya nuna Juma'a da rana, kwana huɗu bayan an binne shi. Ni ce. Da ban taɓa ba, da layin ya tsaya a kan lokacin kwafar, in san bai ji ba, ko ya nuna wani lokaci tsakanin Asabar da Litinin, in san ya ji. Amsar tana nan a rubuce tana jirana har na zo na rubuta kaina a kanta.

Na duba jerin umarnin da ya rubuta a baya, ko zan ga inda ya kunna. Jerin ya tsaya tun kwana huɗu kafin rasuwarsa. Sai an rufe allon yadda ya kamata ake adana shi, ita kuwa laftof ɗin mutuwa ta yi da yunwar caji. Na fito na ce wa Inna abin yana da ɗan wuya, sai an kai wa wanda ya fi ni sani.

Na kai wa abokin aikin Yaya a ofishinsu. Kujerar Yaya tana nan, an ɗora mata tulin takardu. Na faɗa masa abin da nake nema, ban faɗa masa na kwana tara ba. Ya rubuta stat -f ya duba yanayin ma'ajiyar gaba ɗaya, ya duba yadda aka saita ta, ya yi ta bincike har aka kira azahar. Ina zaune ina kallon bakinsa. Hausarsa irin ta mutanen wajensu ce, mace da namiji duk ɗaya. Daga ƙarshe ya cire tabarau ya ce, "Ƙanwata, wannan layi wuri ɗaya ne kawai. Kwamfuta ba ya ajiye na jiya da na yau. Wanda ya zo ƙarshe shi ne ya zauna."

Na ce ai dole akwai wani wuri. Ya ce ya duba duk inda ya sani.

Sai ya rage murya. "Akwai wani umarni, touch. Da shi mutum zai iya rubuta lokacin da ya ga dama a wannan layi. A sa Lahadi da yamma. Ki nuna wa Mama, hankalinsa ya kwanta. Tsoho ne, ya sha wahala, wa zai cutu?"

Na tashi tsaye na zazzage masa kwandon rashin mutunci. Na ce mu ba a yi mana tarbiyyar yi wa iyaye ƙarya ba, na ce in haka suke yi a gidansu mu ba haka muke ba. Ni da na kalli tsabar idon Inna na ce na kai saƙo alhali yana hannuna. Bai rama ba. Ya naɗe wayar cajin ya sa mini a jaka, ya ce Allah ya ba mu haƙuri. Shekaru sun wuce kafin in iya zuwa in ba shi haƙuri, kuma da na je ya ce shi bai ma riƙe ba, abin da ya ƙara mini kunya.

Daga nan kowace safiya in na gaishe da Inna sai ta ce, "An duba?" In ce ana kan dubawa. Matar da ba ta taɓa tambayar ɗanta sau biyu ba yana raye, yanzu kullum sai ta tambaya. Ta daina cin abincin kirki, zaninta ya fara yi mata yawa. Yayyena mata suka fara cewa in bar wahalar da tsohuwa in faɗa mata ko mene ne. Ba su san me ke ƙasa ba, ni kuma na mayar da haushina kansu, muka yi ta cacar baki a gidan makoki.

Saura kwana biyu sadakar arba'in na kasa jurewa. Da rana a shago, da babu kowa, na buɗe laftof ɗin na nemo yadda ake amfani da umarnin da na zagi mutum a kansa. Na zaɓi Lahadi bayan la'asar, don na san lokacin yakan zauna ya sha shayi. Har mintoci na zaɓa marasa daidai don kada abin ya yi kama da shiri. Na danna. Kwamfutar ta karɓa kawai.

Na sake rubuta stat. Layi na farko ya nuna Lahadi bayan la'asar, tsaf kamar gaskiya. Sai idona ya sauka a layi na uku. Asabar ɗin Yaya ta tafi. Yau ce a wurin, da ƙarfe biyu da ’yan mintoci, don canza lokacin ma taɓa bayanin fayil ne, kuma kwamfutar ta rubuta. Wannan Asabar ita ce shaida ta ƙarshe cewa hannunsa ya taɓa muryar mahaifiyarsa. Garin neman gira na rasa ido. Na kifa kai a kan tebur, wani ɗalibi ya leƙo ya ga halin da nake ciki ya juya.

Duk da haka na ɗauke ta na kai gida. Na ce tunda na riga na ɓata, bari aƙalla Inna ta samu barci. Na same ta a kan tabarma a inuwar ɗaki bayan la'asar, na zauna kusa da ita na buɗe. Na ce, "Inna, an samu. Ga shi nan, Lahadi bayan la'asar ya saurara."

Ba ta yi hamdala ba. Ta matso ta ƙura wa allon ido. Ba ta karanta boko, amma matar malami ce, ta san rubutu ba ya zama a banza. Ta ɗora yatsa a layi na farko ta ce, "Wannan ne?" Na ce shi ne. Ta sauke yatsan. "Wannan fa?" Na ce ranar da ta yi maganar ce. Ta gyaɗa kai, ta sake saukewa. "Na ƙasan fa?"

Na ce wannan ba shi da muhimmanci.

"Karanta mini."

Na karanta. Ranar yau, ƙarfe biyu da mintoci.

"Wa ya taɓa shi yau?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa ko tsawon tabarmar bai kai ba. Na faɗa mata komai. Na fara daga na yau na koma baya, Lahadin da na ƙirƙira, Juma'ar da na saurara na goge amsar, Asabar ɗin da na ajiye masa memori ban ce muryarta ba ce. Na zo kan ranar da ta dafa kaza na tsaya, ta ce in ci gaba. Na ce ranar yana zaune a zaure saƙon yana hannuna.

"Kwana nawa ya yi a wajenki?"

"Tara."

Ta lanƙwasa yatsunta ɗaya bayan ɗaya tana motsa baki, tana bin kwanakin. Na ga lokacin da ta kai kan Juma'ar farko, don a nan hannunta ya tsaya. Na sunkuyar da kai ina jiran maganar da na san na cancanta. Na riga na ji ta sau ɗaya a tsakar gidan nan, na san yadda take fita. Wallahi a lokacin so nake ta faɗe ta, ko zan samu abin da zan ɗauka in yi ta biya.

Sai na ji ta damƙi wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da sauransa ba. Ta ɗago haɓata da ɗaya hannun har sai da na kalle ta. Idonta a bushe yake.

"Na yafe miki," ta ce. "Duniya da lahira. Kin ji?"

Na fashe da kuka. Ta girgiza hannuna har awarwarona ya yi ƙara.

"Ba kuka na tambaye ki ba. Buɗe baki ki ce mini kin ji."

Na ce, "Na ji, Inna."

"Sake faɗa."

Na sake faɗa. Sai ta sake ni, ta dafa bango ta miƙe, ta ce in rufe abin nan in fitar mata da shi daga gida. Washegari da safe na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ta tambaye ni ko an sayo geron sadaka.